Zaitunin Sarmadu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da turaku ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ɓoye itace cikin ƙwallo, ya ɓoye mai cikin itace. Wanda ke zaune ya gyara zama, wanda ke tsaye ya nemi gindin bango. Ni ne Nomau mai lambu, mutumin Kwarin Gawo, kuma abin da zan faɗa muku ba a kasuwa na tsinto shi ba. Ƙafata ce ta taka, idona ya gani.

Mu biyu Inna ta haifa, Yaya Ɗalhatu da ni. Shi in ya sa abu a gaba, ko jaki bai kai shi taurin kai ba. Ni kuwa ka ba ni wuƙa da reshe da taɓo, ka gama mini komai, tafiyar da ta wuce kasuwar ƙauyen gaba ba na ƙaunarta. A shekarar da farar yana ta rufe idon Inna, wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ba da labarin wata ƙasa can bayan Filin Gishiri, sunanta Sarmadu, inda ake matse man zaitun mai wanke ido komai daɗewarsa a rufe. Falke ya faɗi abinsa, ya sha furarmu, ya ƙara gaba. Washegari Yaya ya rataya gora ya bi hanya.

Aka yi damina, aka sake wata, har muka daina ƙirgawa. Mangwaron da na dasa a shekarar tafiyarsa ya girma, yara suna jifa, ni kuma furfura ta fara leƙo mini. Ran nan Inna ta kira ni, ta laluba ta kama hannuna.

"Nomau, ni ido na haƙura da shi, abin gani na duniya na gani. Ka je ka zo mini da yayanka in taɓa shi kafin a zo ɗaukata."

"Inna, wa ya san ko yana raye?"

"Ni na sani. Da ya mutu da jikina ya gaya mini."

Wa zai yi musu da wannan? Na soke wuƙar lambuna a ƙugu, na fita ina gunaguni, amma ƙasa-ƙasa yadda ba za ta ji ba.

Na yi tafiya har takalmina ya gaji ya rabu da ni, sannan na iso Filin Gishiri. Fari ne fat iyakar ganin ido, ba ciyawa ba inuwa. Can na hango mutane tsaitsaye, na yi murna, na ƙarasa da sallamata. Ba wanda ya amsa. Ashe gishiri ne ya cinye su a tsaye, ya busar da su kamar kilishi, idanunsu a buɗe. Kowanne ya miƙa hannu yana nuna wata nahiya, kuma babu biyu da suka nuna wuri ɗaya. Na bi su fuska-fuska ina neman Yaya, Allah ya sa ba ya ciki. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne, in na wuce mutum na waiwaya, sai in ga hannunsa ya juya wani gefen.

Na zaɓi wani dattijo mai rawani, don ya fi sauran kama da mai gaskiya, na bi yatsansa. Na yini ina zabga tafiya, la'asar ta dawo da ni gabansa. Ruwan gorana ya koma ƙasa. Na zauna ina tsine wa falken nan da furar da ya sha, sai wata hasbiya ta wuce ta sama ta sako mini kashi a gwiwa. Har na buɗe baki zan haɗa da ita, sai na ga ƙwallo a ciki, ɗan dogo mai tsini. Duk irin da ke ƙasarmu na san shi, wannan baƙo ne. Na duba gaba na ga wani, na ƙara gaba na ga wani, sun yi layi a kan gishiri. Na sunkuyar da kai na bi ƙwallaye, ban ƙara duban yatsan kowa ba, har na ji dutse a ƙarƙashin ƙafata.

Sarmadu tuddai ce masu duwatsu, kuma ba ta da itace sai zaitun. Ganyensa kore ne mai toka-toka, in iska ta kaɗa sai tudu duka ya juya fari. Ni da na tsufa a cikin itatuwa ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Wani ya murɗe kamar wankin da ake matsewa, wani cikinsa kogo ne har mutum ya shige, wani tsawa ta raba shi biyu, wani wuta ta ci rabinsa, wani kuma ya tsiro a tsagar dutsen da ko ƙaya ba za ta yarda da ita ba, amma dukkansu ɗauke suke da 'ya'ya. A gindin kowane itace akwai mutum a zaune. Ban ji kukan jariri ba, ban ga maƙabarta ba, ko'ina sai ƙamshin mai.

A bakin kurmi wata budurwa ta tare ni da wuƙa a hannu, tsofaffi biyu na biye da ita suna rusunawa. Suka ce ita ce Tamarzu, Uwar Kurmi.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe."

"Ya daɗe," in ji ta, ba ko murmushi. "Kawo tafinka, baƙo."

"A yi me da shi, ranki ya daɗe?"

"A garinku ruwa kuke ba baƙo, mu itace muke ba shi. Zan tsaga tafinka, in tsaga ɓawon zaitun, in haɗa ku in ɗaure har jini ya shiga. Daga nan ranka na cikinsa. Wuta ta ci zaitun ya toho, fari ya zo ya jira shi ya wuce, a sare shi ya tashi. Kai ma haka za ka zama."

Wannan aikin ai na san shi, shi muke yi wa mangwaro a lambu mu ce mun yi masa aure. Na kuma san reshen da aka aurar ba ya komawa jikin uwarsa. Na cusa hannuwana cikin riga na ce, "Ranki ya daɗe, an riga ku. Ranar da aka haife ni aka binne cibiyata a gindin wata kanya, bayan ɗakin mahaifiyata. Ina da itacena."

Tsofaffin suka yi ƙus-ƙus, ita kuma ta mayar da wuƙa kube. "Ba ma ƙwace wa itace mutuminsa," in ji ta. "Amma kanya tana mutuwa."

"Tana yi, ranki ya daɗe."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa mai ciwon ajali, ta ba ni hanya.

A ƙarshen kurmi na same shi, inda aka jera wasu fararen duwatsu na iyaka. Yana zaune gindin wani zaitun, ya fuskanci Filin Gishiri, da ƙaramin gora a wuyansa. Ya tsufa, ya rame, gemunsa fari tas. Na tsaya a kansa. Shi ya fara magana, bai ko tashi ba.

"Nomau, ashe kana iya wuce kasuwa?"

Na faɗa jikinsa, muka yi kuka kamar ba maza ba. Da muka natsu ya tambayi Inna, na ce tana nan, kuma ita ta aiko ni. Sai ya buɗe tafinsa ya nuna mini tabo.

"A sume suka tsince ni bakin gishiri, rai ya kusa fita. Ba su tambaye ni ba, ceto suka yi. Ga man na samu, yana cikin goran nan tun zuwana. Amma wanda aka haɗa da itace ba ya wuce inda saiwar kurmi ta kai. Na gwada har na gaji. Da na ƙetare duwatsun can sai ƙirji ya toshe, fata ta fara tsagewa, in dawo da rarrafe."

Ina nan tare da shi na ga abin da suke kira sara. Mutumin Sarmadu ba ya mutuwa, amma yana tsufa har ya zama kamar kogon itacensa. In abin ya kai maƙura sai a sare itacen, a bar kututture. Da safe aka yi na wata tsohuwa, kowa ya taru. Ta jingina da itacenta, mijinta na riƙe da hannunta, tana ta jera sunaye, na iyaye, na ƙawaye, na wani ɗa da ta bari a wata ƙasa. Masu gatari suka fara. Kowane sara sai suna ɗaya ya ɓace daga jerin, ƙusumbinta na miƙewa, gashinta na baƙi. Da itacen ya faɗi, yarinya ce ɗanya sharaf ta miƙe, ta tsallake sandarta, ta zare hannunta daga na tsohon ta ce, "Baba, lafiya ka riƙe ni?" Mutane suka yi guɗa. Ni kuwa da muka koma sai na ga an shafa wa itacen Yaya farar ƙasa, irin wadda na gani a jikin na tsohuwar.

Na ruga wurin Tamarzu.

"Kewa na cin ɗan'uwanka," in ji ta. "Ya daɗe yana kallon gishiri, ba ya ci, ba ya shiga mutane. Da an gama girbi za mu sare masa, ya huta."

"Ranki ya daɗe, uwarsa na can tana jiransa!"

"Shi ya sa. Zuwa ba zai iya ba, mantawa kuma bai iya ba. Mu ba mugaye ba ne, baƙo, ɗaya daga ciki muke da ikon ba shi."

Ta faɗe shi da tausayi, kuma tausayin ne ya fi ba ni tsoro.

Na koma na zauna ina kallon itacen, ina cizon yatsa. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Can sai na ce, "Yaya, in kai ba ka iya barin saiwa, me zai hana saiwa ta bi ka?" Na zaɓi wani reshe mai kaurin babban yatsa can cikin duhun ganye, na ɓare ɓawonsa zagaye, na dama taɓo na liƙa, na naɗe da tsumman rigata. Kullum ina ɗiga masa ruwa, in wani ya wuce in yi kamar tsutsa nake nema. Yaya ya ce ashe zaman lambun nan nawa ba lalaci ne zalla ba. Na ce ya bari mu isa gida ya maimaita a gaban mutane.

'Ya'yan zaitun suka fara baƙi, aka fara gyaran sandunan kaɗa, ni kuma kullum ina leƙa reshen. Ana gab da gama girbi na kwance tsumma, sai ga fararen saiwoyi sun cika taɓo. Na datse reshen, na dasa shi a wata tukunya.

Da hantsi, kowa na can yana kaɗa itatuwa, muka sa tukunya cikin kwando kamar masu kai kaya wurin matsa, muka nufi duwatsun iyaka. Yaya ya rungume kwandon a ƙirji, ya yi bisimilla, ya tsallaka. Ya tsaya yana jiran ciwo. Shiru. Ya ƙara taku, ya ƙara, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Muka kama hawan tudun ƙarshe, wanda in ka gangara shi sai gishiri, yana gaba ina haki a baya.

Rana na tsaka muka kai ƙoli. A nan iska ta kawo mana ihu daga kurmi. Muka waiwaya, sai ga mutane sun watsar da kwanduna suna gudu zuwa itacen Yaya, masu gatari a gaba. Muryar Tamarzu ta iso mana sarai:

"Ku yi sauri! Ya ƙetare iyaka, yana can yana bushewa! Ku sare masa kada ya sha wuya!"

Su a saninsu ba wanda ke wuce duwatsun nan sai cikin azaba, kuma ba su san wani taimako ba sai gatari. Na fizge tukunya na ɗaga sama, ina tsalle ina ihu: "Lafiyarsa lau! Ga shi nan! Ku bari!" Amma iskar daga wajensu take busowa, ta kwashe muryata ta kai wa gishiri. Na ce wa Yaya kada ya damu, ai ransa ya koma cikin tukunya. Ina faɗa ina jin sara na farko, na ga ganyen reshen ya girgiza, alhali ban motsa hannu ba. Ashe zaitun ɗaya ne ko'ina ka kai shi.

Yaya ya zube a kan dutse ya damƙe hannuna.

"Nomau, riƙe mini, kai ba a tsaga tafinka ba. Sunan babanmu Gwadabe. Rijiyar gidanmu ni na faɗa ciki ina yaro, Inna ta shiga da igiya a ƙugu. Tabon goshinka ni na yi maka da..."

Sara. Ya tsaya yana duban goshina. Gemunsa ya fara baƙi daga tushe.

"Da fartanya, Yaya. Ci gaba, ina ji."

"Da fartanya? To. Waƙar da take yi in tana niƙa, ta fara da... ta fara..."

Sara. Ramar kumatunsa ta cike. Na ji hannunsa na ƙara ƙarfi a cikin nawa, idonsa kuma na yin nisa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, ga mutum a hannuna ana kwashe shi ina kallo. Ya yunƙura, ya jawo ni har goshinmu ya haɗu.

"Ka ce wa Inna, ba ƙin dawowa na yi ba. Ka ce mata kullum..."

Can ƙasa itacen ya tafi luu, ya faɗi, ƙura ta tashi, muka jiyo guɗa. Ganyen tukunya ya zube gaba ɗaya. Wanda ke riƙe da ni saurayi ne, ƙasumba ma ba ta gama fito masa ba. Ya sake ni, ya dube ni da ladabi.

"Baba, lafiya kake kuka?"

Na gaya masa gaskiya, na ce ni ƙanensa ne. Ya dubi furfurata ya yi dariya, ya ce tsofaffi da ban dariya suke. Sai na share ido na ce to, ya taimaki tsoho ya ɗaukar masa tukunya zuwa gida. Ya ce wannan ai ba komai. Da na kai hannu ga goran wuyansa kuwa sai ya ja da baya ya dafe shi, ya ce ba nawa ba ne. Na ce na wa ne? Ya ce shi ma bai sani ba.

Muka bi layin ƙwallaye muka ratsa gishiri. Ruwan da ya rage, tukunya ke fara sha kafin mu. Sanda ce kawai a tsaye cikin taɓo, kullum ina tsoron ta bushe saurayin ya faɗi. Muna tsakiyar busassun mutanen nan na ga wani ɗan toho kore ya tsago daga gefenta. Na nuna masa, ya ce, "Kai, itacen nan akwai taurin kai."

Da hantsi muka shiga gida. Inna na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙara ƙanƙancewa, matan maƙwabta na tsakar gida suna sussuka. Suka yi mini barka da zuwa, suka dubi saurayin, tsofaffin cikinsu suka gane fuskar, suka saki taɓare suna salati. Na durƙusa kusa da kunnen Inna na gaya mata komai, ban rage ba, har da saƙon da bai ƙarasa ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ya matso.

Ya ajiye tukunya ya durƙusa. "Sannu da hutawa, Iya."

Ta shafa kansa, ta shafa kunnuwansa, ta bi hancinsa da yatsa, har ta sauka kan goran.

"Me ke ciki, yaro?"

"Ban sani ba, Iya. Ajiyar wani ce."

"Tawa ce."

Ya dube ta, sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya sa mata goran a hannu. Na ce ta kawo in ɗiga mata a ido, ta ce in dakata, ba shi ne a gabanta ba.

"Yaya sunanka?"

"Shi ma ban sani ba, Iya. Baban nan ya faɗa mini wani a hanya, amma ban ji ya zauna mini ba."

Kun san yadda abin yake a wurinmu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun ranar da aka raɗa masa shi, Inna ba ta taɓa furtawa ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar amarya, leɓenta na motsi ba sauti, don harshen bai saba ba. Ta gwada, ya maƙale. Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda har na bayan danga sai da suka ji.

"Ɗalhatu."

Ya ce, "Na'am, Inna," sannan ya waiwayo yana dubana, yana mamakin bakinsa.